Jakunkunan Alhazai Ne Suka Koya Mini Rubuta Manhaja

A Makka aka yanke mini cibi, amma ko yau ka shiga gidanmu tuwo da miyar kuka za ka tarar, Hausa kuma za ka ji ana yi, sai dai Hausa ce da Larabci ya ratsa ta ko'ina. Kakanmu ya taso daga wani ƙauye na ƙasar Kano da niyyar sauke farali, zamanin da ake tafiyar ƙasa. Ya bi ta Maiduguri, ya ratsa Chadi, ya shiga Sudan, ya yi shekaru yana ƙwadago a gonakin audugar Jazira har ya tara kuɗin jirgin ruwa, sannan ya ƙetare Bahar Maliya ya sauka Jidda. Ya yi hajjinsa, bai koma ba. Mu ne jikokinsa da mutanen gida ke kira 'yan Takari.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Allah Ya jiƙansa, sai ƙanin mahaifiyata ya ɗauki riƙona. Na gama sakandare, jami'a ba ta yiwu ba saboda sha'anin takardu da na aljihu, sai na zauna a shagon Kawu da ke wajajen Misfala, inda alhazan Najeriya da Nijar suke yawan sauka. Sana'arsa aika kaya ce. Alhaji ya yi tsaraba ta fi ƙarfin kilon da jirgi ya yarje masa, sai ya kawo mana rarar, mu auna, mu karɓi kuɗi, mu ɗaure, mu haɗa da na wasu a kai Jidda a yi kago zuwa Kano. A can kuma wakilinmu ya rarraba: na Sakkwato, na Kaduna, na Maraɗi, na Damagaram. Dabino, darduma, jallabiya, abaya, carbi, turare, butocin shayi, wani lokaci har da keken ɗinki. Ruwan Zamzam ne kaɗai ba ma karɓa, don ba a yarda a cusa shi cikin kaya ba, kuma babu shekarar da ba a yi cacar baki da wata tsohuwa a kan haka.

Wanda bai taɓa shiga sito irin namu bayan an sauko daga Mina ba, ba zai gane abin da nake nufi da kaya masu kama da juna ba. Kasuwa ɗaya aka sayo jakunkunan, launi ɗaya, girma ɗaya, igiyar da aka ɗaure su ma iri ɗaya. Sunayen masu su kuwa kada ka so ka gani: Muhammadu kan Muhammadu, Abubakar kan Abubakar, A'isha da Hauwa sai ka gaji da ƙirgawa, kuma kowa Alhaji ne, kowace Hajiya ce. Abin da ke raba mu da kunya shi ne daftarin Kawu. Kowace jaka layi guda: lamba, mai ita, wayarsa, nauyi, garin da za ta, abin da aka biya. Lambar nan ake rubutawa a jikin jakar da maka, ita ce kuma a 'yar takardar da ake ba mai kaya. Bayan wata guda sai waya ta fara ƙara daga gida, "Alhaji, kayana shiru." Kawu ya lashi yatsa ya shiga buɗa shafuka, mai kira yana can kuɗin wayarsa na ƙonewa.

Sai annobar korona ta zo. Ƙarshen Fabrairun 2020 aka dakatar da shigowar masu umra, farkon Afrilu aka sa wa Makka dokar hana fita dare da rana. Hajjin shekarar, wato 1441, 'yan tsirarun mazauna ƙasa ne kawai suka yi. A 2021 ma mutum 60,000 aka yarje wa, duk daga cikin gida. Ga wanda abincinsa ke hannun baƙi, wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Shago ya rufe, muka koma cin abin da aka ajiye. A zaman nan ne na jawo wata tsohuwar laftof da wani alhaji ya bar wa Kawu a madadin kuɗin kago, na fara bin darussan Python, wani yaren rubuta manhaja, a YouTube, yawancinsu da Larabcin Masar. Ba ni da wani buri na zama injiniya. So nake in ga ko daftarin nan zai iya shiga kwamfuta.

Abin da ake fara koya maka shi ne gurbi: ka ba wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta suna, ka zuba masa abu, in kana so ka kira shi da sunan. Duk ɗan koyo da ya san wannan kaɗai, hanya ɗaya ce a gabansa. Sai ya rubuta suna1, nauyi1, gari1, ya sauko ya rubuta suna2, nauyi2, gari2. Ni ma haka na fara. Jaka uku, abin gwanin sha'awa. Amma kowace jaka bayani shida take da shi, jaka ɗari gurbi 600 ke nan, kuma in kana son jimlar nauyi sai ka zauna ka rubuta nauyi1 a tara da nauyi2 har zuwa na ɗari da hannunka. Gobe aka kawo ta ɗari da ɗaya, sai ka buɗe manhajar ka sake gyara. Daftari ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Daga nan na iso darasin jeri. Gurbi ɗaya ne da suna ɗaya, amma yana ɗaukar abubuwa da yawa a jere, kowane da matsayinsa. Matsayin kuma daga sifili ake fara ƙirga shi, don haka jakunkuna[0] ita ce ta farko, ta ɗari kuma tana a 99. Ya ɗauke ni lokaci kafin hannuna ya saba da wannan. Abokin tafiyar jeri shi ne zagaye, wato ka ce wa kwamfuta ta bi kowane abu da ke ciki ta yi masa aiki kaza. Layi uku suka maye gurbin shafi guda, kuma ko jaka nawa ce layukan ba sa ƙaruwa. Ranar da na ga jimlar nauyi ta fito da kanta, sai da na tashi na zagaya ɗaki. Na yi jerin sunaye, jerin nauyi, jerin garuruwa, jerin kuɗi, kowane daban, da sharaɗin cewa matsayi na biyar a nan shi ne na biyar a can.

A benen da muke haya akwai wani bawan Allah, Bahaushen Sudan, ɗan Maiurno, garin nan da ke bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanensa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya karanci kwamfuta a Khartum, amma akawu yake yi a wani otal, shi ma annoba ta zaunar da shi. Malam muke ce masa. Bayan isha'i mukan hau saman bene shan iska, a nan na nuna masa aikina ina jiran yabo. Ya duba, ya ce, "Madalla, ƙanena. To jera mini nauyin daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi." Umarni ɗaya ne, na buga. Ya ce, "Yanzu faɗa mini, jaka mafi nauyi ta wace ce?" Jerin nauyi ya juya, jerin sunaye yana nan inda yake. Kowa ya tashi da nauyin jakar wani.

Ya ce in ɗauko daftarin Kawu. "Ka ga kawunka ya ware littafin sunaye daban, na nauyi daban? Abin da ke na jaka ɗaya, tare yake tafiya."

Nan ya shigar da ni ƙamus. A Python, ƙamus ma'aji ne da ba ya aiki da matsayi, da mabuɗi yake aiki: ka ba shi kalma, ya ba ka abin da ke ƙarƙashinta. Sai kowace jaka ta zama ɗan ƙamus guda mai ɗauke da lambarta, mai ita, waya, nauyi, gari da kuɗi, sannan duka su shiga jeri ɗaya. Yanzu ko ta nauyi ka jera, ko ta gari, jakar da duk bayananta suke matsawa tare. Layin daftari ne dai ya koma kwamfuta, ba wani abu ba.

Tambayar da ya yi mini bayan wannan ita ce ta canja mini tunani gaba ɗaya, kuma ita nake fara yi wa duk wanda ya kawo mini aiki yau. Ya ce, "Idan waya ta yi ƙara, da me za a nemi jakar?" Na ce da lambar da ke takardar mai kaya. Ya ce to me ya sa na ajiye su a jeri, inda sai kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko ke ce? Matsayi a jeri kamar matsayinka ne a layin awon kaya: na gabanka ya fita, kai da kake na goma ka koma na tara, amma lambar fasfonka ba ta canja ba. Don haka jakunkunan suka koma cikin babban ƙamus, lambar kowace ita ce mabuɗinta. Ya yi mini bayanin yadda abin yake a ciki: kwamfuta tana yin wani lissafi a kan mabuɗin, lissafin ya nuna mata inda abin yake kai tsaye, shi ya sa neman jaka ɗaya cikin ɗari da cikin dubu ɗari kusan lokaci ɗaya yake ɗauka.

Gaskiya, a shago irin namu saurin nan ba shi ne abin dubawa ba. Jaka 'yan ɗaruruwa, ko jeri ne kafin ka ƙifta ido an gama bin sa. Masu koyarwa suna yawan tsorata ɗan koyo da maganar sauri tun bai san me yake ajiyewa ba. Amfanin da na gani shi ne mabuɗi ɗaya ba ya zama sau biyu a ƙamus, don haka jaka biyu ba za su taɓa raba lamba ɗaya ba. Sai dai akwai tarko a nan: in ka zuba sabon abu a mabuɗin da yake akwai, Python ba zai ce maka uffan ba, zai share tsohon ya ɗora sabon. Dole ka fara tambaya ko lambar tana ciki kafin ka zuba. Wani tarkon kuma na jeri ne: kada ka riƙa cire abubuwa daga jeri alhali kana tsakiyar zagaya shi, don na baya suna matsowa gaba, zagayen ya tsallake wasu ba ka sani ba. Gara ka gina sabon jeri da waɗanda kake son bari.

Suna kuwa ba ya zama mabuɗi, ko kusa. Ban da yawan takwarori, mutum ɗaya a fasfo Mohammed ne, a bakinsa Muhammadu, matarsa da za ta kira daga gida ta ce Alhaji Mamman, mu kuma wani lokaci da haruffan Larabci muke rubutawa.

Maganar aji, wato ƙirar da ake zana wa abu sau ɗaya a riƙa fitar da irinsa, sai daga baya ta zo, kuma na ji daɗi da ba a fara mini da ita ba. Na ga buƙatarta da kaina: ƙamus ba ya hana ka rubuta mabuɗi da kuskuren harafi, ko ka mance gari gaba ɗaya a wata jaka. Da na zana aji mai suna Jaka, na faɗi bayanan da dole kowace ta zo da su, sai ya zama in ɗaya ya ɓace manhajar ta tsaya tun a bakin ƙofa ta yi ƙorafi. Tun fitowar Python 3.7 a 2018 akwai gajeriyar hanyar rubuta irin wannan aji na ajiye bayani, layuka kaɗan ne. A nan ne kuma Malam ya sa na raba mai kaya da kayansa. Alhaji ɗaya yana iya kawo jaka biyar. In ka rubuta wayarsa sau biyar, ranar da ya koma gida ya sauya layi sai ka gyara wuri biyar, ka mance ɗaya. Sai masu kaya suka samu nasu ƙamus, kowa da lambarsa, jaka kuma lambar mai ita kawai take riƙewa. Da na yi wa Kawu bayani sai ya yi dariya, ya nuna mini inda yake ɗiga alama biyu a ƙarƙashin suna maimakon ya sake rubuta shi. Ya ce, "Ɗana, wannan ai tun ba a haife ka ba nake yi."

Duk wannan a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune. Ka rufe manhaja, ko batir ya mutu, komai ya tafi. Ajiya ta gaskiya sai a fayil. Na fara da CSV, wanda layuka ne kawai da waƙafi ke raba bayanansu, daga baya na koma JSON, wani salon fayil na daban, saboda siffarsa ta yi daidai da ƙamus da jeri. A wannan matakin ne ƙananan abubuwa suke cizo. Lambar waya ba adadi ba ce, rubutu ce: wayoyin Saudiyya da 05 suke farawa, na Najeriya da yawa da 080, in ka bar kwamfuta ta ɗauke su a matsayin adadi sai ta yar da sifilin farko, tunda a lissafi ba shi da amfani. Fayil kuma dole ka ce a rubuta shi da tsarin haruffan da ake kira UTF-8, in ba haka ba sunayen Larabci da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna iya komawa wasu alamomi marasa kan gado. Kuɗi ma ba na ajiye su da ɗigo. Ka tambayi Python jimlar 0.1 da 0.2, zai ba ka 0.30000000000000004, saboda yadda kwamfuta ke riƙe ɓangaren adadi. Riyal ɗaya halala 100 ne, don haka da halala nake ajiyewa, cikakken adadi, sai wajen nunawa in mayar riyal. Nauyi ma da giram.

A 2022 aka buɗe wa baƙi ƙofa, duk da cewa kujerun ba su kai na da ba. Kawu ya amince in zauna da laftof a gefen sikeli, bisa sharaɗin cewa daftari ba zai daina aiki ba. Kowace jaka sau biyu ake rubuta ta, shi da biro, ni da madannai. Daren da za a yi lodin farko zuwa Jidda, aikin da ya saba cinye masa dare shi ne ware kaya gari-gari da tara nauyin kowane rukuni. Na yi ƙamus wanda mabuɗinsa sunan gari ne, a ƙarƙashin kowane gari jerin jakunkunansa, takarda ta fito kafin shayi ya huce. Bai yarda ba. Ya ɗauki kalkuletarsa ya bi layi-layi har tsakar dare. Wuri ɗaya muka saɓa, muka je sito muka sake ɗora jakar a sikeli, ashe wani 7 ne a daftari da ya yi kama da 1. Bai ce komai ba, amma washegari da wani abokin sana'arsa ya leƙo, na ji yana ce masa yaron nan nawa ya iya na'ura.

A 2023, da Najeriya ta samu kujeru 95,000, aiki ya dawo da ƙarfinsa har ya fi. Wata rana wani saurayi ya kira daga Sakkwato, mahaifiyarsa ta yar da takardarta, ba ta san lamba ba, sunanta kuma irin wanda muke da shi rututu ne. Ga ranar da mabuɗi bai yi amfani ba, sai zagaye. Na ce, "Ba ni Hajiya." Na gaishe ta, na ce, "Mama, jaka nawa kika kawo, kuma yaushe?" Ta ce biyu ne, ɗaya babba ɗaya ƙarama, kwana biyu bayan saukowa daga Mina. Na tace na Sakkwato, na tace na ranar, na tace masu jaka biyu, mutum ɗaya ta rage. Kayanta suna lodi na biyu, ba su ma bar Jidda ba. Addu'ar da baiwar Allahn nan ta yi mini a waya, ni da iyayena har da kakannina, ban taɓa samun ladan aiki irinsa ba. Kuma shi ya tabbatar mini da cewa ranar karɓar kaya, wadda na so in bari don ganin ba ta da amfani, Malam ya yi gaskiya da ya ce in saka.

Malam bai ga ƙarshen wannan kakar tare da mu ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa danginsa, ya tattara ya tafi neman inda zai tsugunar da mahaifiyarsa da ƙannensa. Muna gaisawa ta WhatsApp in ya samu sabis. Ko a saƙonsa na murya sai ya tambaye ni ko ina kwafe fayil ɗin zuwa wani wuri kullum. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi da mutanen Sudan a addu'a. Bai taɓa karɓar ko halala ɗaya a hannuna ba.

Shi ne ya ambata mini SQLite kafin ya tafi. Da bayanan kaka biyu suka taru, ga na umrar azumi, sai JSON ya fara ba ni tsoro, don kowane ɗan gyara sai an sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu kana iya rasa duka. SQLite rumbun bayanai ne a fayil guda, Richard Hipp ya fitar da shi a shekarar 2000, kuma tare da Python yake zuwa, ba sai ka sauke komai ba. Gyara a cikinsa ko dai ya kammala ko kuma ya zama kamar ba a fara ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ban sha wahalar komawa ba: teburin masu kaya, teburin jakunkuna, teburin lodi, kowane layi da lambarsa. Tsarin da na riga na yi ne, sunansa kawai ya sauya.

Alhamdulillahi, yanzu ban da shagon Kawu na yi wa wani mai bakala, wato kantin kayan masarufi, manhajar kayan shagonsa, na yi wa wani tela ta awon kwastomominsa, da abin da nake samu nake ɗauke wa mahaifiyata kuɗin magani. Telan ya so a riƙa neman mutum da suna, na ce da lambar waya za mu yi, ya yi gardama, sai da na ce ya ƙirga mini masu suna Abdullahi a littafinsa.

Abin da nake fama da shi kafin hajji mai zuwa biyu ne. Na farko, a da in jaka ta tashi daga sito zuwa Jidda sai in share "tana sito" in rubuta "tana Jidda", ta haka tarihinta ke ɓacewa. Yanzu ina gina tebur na daban da kowane motsi zai zama sabon layi da ranarsa, da miladiyya nake ajiyewa, in nuna wa Kawu da hijiriyya tunda da ita yake lissafi. Na biyu, jakar da ta fashe a hanya ko ta yi nauyi da yawa aka raba ta biyu a Jidda: lamba ɗaya ce a hannun mai ita, ɗauri biyu ne a jirgi. Na yanke shawarar kowane ɗauri ya samu sabuwar lamba, ya kuma riƙe lambar uwar jakar, don in an nemi tsohuwar lambar su fito tare. Wakilinmu na Kano ya ce shi dai a turo masa takarda yadda zai buɗe a wayarsa, don haka sai na san yadda zan fitar masa da ita ba tare da lambobin wayar mutanen da ba na yankinsa ba.